Intabiyun Gindin Tsamiya

Na sha jin ku, ku 'ya'yana, kuna maimaita wata magana da kuka tsinto a bakin dangi, wai ni da ƙafa na samu aikin ƙofar ruwa, wai akwai wani babban mutum a Sakkwato da ya tsaya mini. Ban taɓa tanka muku ba, don maganar tana yi mini daɗi. Wa zai ƙi a ce yana da babban mutum? Amma yanzu da gwiwa ta zaunar da ni wuri ɗaya, na ga gara in gyara zancen kafin ku gadar wa jikokina ƙarya. Mutanen da suka tsaya mini su uku ne, a cikinsu babu wanda ya taɓa shiga ofis neman aiki, kuma har yau ban san sunan ko ɗaya ba.

Ina da shekara goma sha bakwai a daminar da ta biyo bayan rasuwar Baba. Ya bar mini gonar tudu a Magarya, da ɗan fegin fadama da muke yin albasa da rani, da ƙannena, da Inna. Ni ne ɗan fari. Ku da kuka tashi uwarku tana ƙwala wa yayanku kira da sunansa tun daga ƙofar gida, ba za ku gane nauyin wannan kalma ba. Inna ba ta taɓa kama sunana ba, ba ta taɓa kallona ido da ido ba. A ɗakin kakata na girma, ita ce ta sa mini Nomau don da damina aka haife ni, kuma da ta rasu sai na zama kamar baƙo a tsakar gidanmu. Idan Inna tana so in ci abinci, sai ta dubi ƙanwata Kulu ta ce, "Ce ma wancan tuwo shina hucewa," alhali ina zaune kusa da ita fiye da Kulun. Haka aka yi mata tarbiyya, haka uwarta ta yi wa nata ɗan farin, ba wanda yake ganin abin a matsayin ƙiyayya. Sai dai yaro yaro ne, kuma ni a lokacin na ɗauka ba ta damu da ni ba.

Bappa Arzika, ƙanen Baba, shi ya zama uban gida. Mutum ne mai kirki a irin tasa hanyar, ɗan cin rani ne na gaske, kowace shekara da an ɗaure gero sai ya kwashi samari ya yi kurmi da su, can ƙasar kudu. Wata rana bayan la'asar ya shigo, ya tsaya a bakin ɗakin Inna ya yanke magana.

"In an yi kaka, Nomau za shi bi ni. Gida na son mai kawowa."

Inna daga cikin ɗaki ta ce, "To."

Ni ma na ce to, don a gidanmu yaro kalma ɗaya yake da ita a gaban babba. Amma ba da son raina ba. Na san yadda cin rani yake cin mutane: shekarar farko yaro ya dawo da ruwan shuka, ta biyu ya dawo bayan an gama noman farko, ta uku sai saƙon gaisuwa. Na dubi ƙannena, babu wanda ya isa ya ja jigon ban ruwa a fadama, na san ranar da na tafi ranar fegin Baba zai koma hannun wani. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, tun daga washegari Inna ta fara haɗa mini guzuri. Ta daka kuka, ta shanya kuɓewa, ta yi daddawa mai yawa, ta daka yaji, tana ƙullawa a wani tsohon zane da ta rataye a kusurwar ɗaki. Kullum na wuce sai in ga ƙunshin ya ƙara ciki. Na ce a raina, matar nan har ta ƙosa in tafi.

Ana haka sai ga Malam Ladan, tsohon malaminmu na firamare, a kan kekensa. Ya ce ofishin noman rani na Goronyo zai ɗauki yara masu karatu da rubutu su riƙa kula da ƙofofin ruwa, su buɗe wa manoma bi da bi, kuma ya riga ya ba da sunana. Sai dai akwai intabiyu. Bappa ya yi dariya har da buga cinya, don ya san ni, ya san ko akuya ce ta girme ni ba na iya kallon idonta.

"Shi tai," in ji shi. "In sun ɗauke shi, na sallama. In ba su ɗauka ba, kak in sake jin wata magana, kurmi za mu."

Ranar tafiya, da safe, Kulu ta kawo mini farar rigar Baba a ninke, ta ce Inna ta ce a ba ni. Na sa, na fito. Inna tana bakin turmi ta juya mini baya. Na durƙusa na ce zan tafi. Ba ta daina daka ba, ta ce, "Allah shi kiyaye hanya," kuma turmin ta faɗa wa.

Na tashi tun ana gobe intabiyu, don in kwana a Goronyo wurin wani abokin Malam Ladan. A-kori-kura na shiga, mun cika ta maƙil, mutane a kan buhuna, buhuna a kan mutane. An kwana ana ruwa, kuma kafin mu kai Rimawa sai muka tarar ruwa ya hau kan hanya a wani kwari, ja wur, yana gudu da karare da rassan itace. Direba ya leƙa, ya kashe mota, ya ce ba mai ƙetare wannan sai ya janye. Muka sauka muka nufi wata tsamiya a gefen hanya. Kowa ya samu wuri ya zauna, ni kuwa na tsaya ƙiƙam, na tattare rigar Baba da hannu biyu don kada ta taɓa ƙasa.

Wanda ya fara kula da ni wani dillalin albasa ne daga Wurno, gajere, mai tumbi, mai jan haƙoran goro, irin mutanen da ba sa iya ganin shiru su ƙyale shi.

"Kai yaro, wagga riga ta hi ƙarhin kasuwa. Neman aure za ka?"

"A'a Baba, intabiyu za ni."

"Mi ake yi a wurin?"

"Tambayoyi za a yi min. In na amsa daidai a ba ni aiki."

Da jin kalmar tambaya sai wani dogon tsoho da ke jan carbi a jikin tsamiyar ya buɗe ido. Yana sanye da tsohuwar kwat ta kaki a kan jamfa, duk da zafin da ake yi.

"Tambaya kac ce? Ai ka zo wurin. Na tsuhwa ina masinja, ina tsaye bayan alƙali a Rabah. Ba irin tambayar da ban jiya ba, ba kuma irin amsar da ban ga ta ɗaure mai ita ba. Zo nan mu gwada ka."

Kafin in ce wani abu an kafa kotu. Dillali ya sa aka sauko da buhun albasa ɗaya, tsohon ya hau ya harɗe, ya gyara hula, ya ɗaure fuska har na manta a bakin hanya muke. Sauran fasinja suka matso, don ba abin da mai jiran ruwa yake so irin abin kallo. Aka ce in shigo. Na tuɓe takalmi tun daga nesa, na zo na tsuguna, na kafa ido a ƙasa. Tsohon ya ji daɗi ƙwarai, ya ce yaron nan ɗan mutunci ne, an gama rabin aiki. Sai direba, wanda ke kwance a kan tabarma, ya ɗaga kai ya ce shi yana kai ma'aikata ofis, kuma a ofis ba a tsugunno, kujera ake ba mutum ya zauna daidai da manya. Na ji kamar an ce za a sa ni limanci. Aka mirgino safayar tayar motar aka ce ita ce kujera, kuma sai da aka yi ta fama da ni kafin na yarda na ɗora rabin mazaunina a kanta.

"Mi as sunanka?" in ji tsohon.

Na faɗa.

"Da wa kake magana, da tururuwa? Ɗaga murya."

Na sake faɗa, na sake, har sai da mai tallar gyaɗa da ke can bakin ruwa ta waiwayo. Sannan ya ba ni babban sirrinsa, wanda ya ce ya tsamo daga shekarun da ya yi a kotu.

"Ka jiya ko? Baki shi ka yanka wuya. Duk wanda nig ga an ɗaure, bakinai yaɗ ɗaure shi. Ko mi anka tambaye ka, in ba sunanka da na ubanka ba, ka ce ba ka da masaniya. Su ka neman hujja, kak ka ba su."

Dillali ya yi tsalle ya miƙe. Ya ce wannan ai kashe kasuwa ne, yaro ba sata ya yi ba, kaya ya kai.

"Kai ne albasa, su ne masu saye. Ka taɓa ganin buhun da anka sa ƙanana a sama? Manya a sama, yaro. Abin da kaf hi iyawa, shi za ka hwara zubewa gabansu."

"Yabon kai jahilci," in ji tsohon.

"Wanda bai yabi kayanai ba shi kwana da su," in ji dillali. Ya juyo gare ni. "Kuma in sun hwaɗi abin da za su biya ka, kak ka kuskura ka amsa ta hwarko. Ka ce albarka, ka yi kamar za ka tashi. Mai son kaya shi ka kiran ka."

Suka yi ta musu a kaina kamar ba na wurin, fasinja suka rabu biyu, wasu na bayan kotu wasu na bayan kasuwa. Ni kuwa na haddace duka biyun, don ban saba jin maganar babba in zaɓa ba. Aka yi azahar, aka dawo aka ci gaba. Tsohon ya yi mini tambayoyin da ba mai yi wa ɗan adam, har da ina nake ranar da aka sace ragon wani, ni kuma ina ta cewa ba ni da masaniya, mutane suna dariya. Ban ankara ba sai na ji ina dariyar ni ma, a gaban manya, da baki buɗe. Tun da Baba ya rasu ban yi irinta ba.

Duk wannan abin da ake yi, akwai wata dattijuwa zaune a gefe tana kallo. Daga Maikujera take, za ta Goronyo wurin 'yarta da ta haihu, da ƙwaryar garin kunu a gabanta. Da musun ya lafa sai ta yafuto ni.

"Zo nan, ɗana. Matso."

Na matsa na durƙusa. Ta kama gefen rigar, ta juya bakinta ta ciki, ta kai kusa da ido ta daɗe tana dubawa.

"Rigar wa ta?"

"Ta Baba ta, Goggo. Ya rasu."

"Allah shi jiƙan shi. Dogo na?"

"Dogo na ƙwarai."

"To ya anka yi tay yi maka daidai?"

Wallahi sai a lokacin na yi tunanin. Baba ya fi ni tsawo nesa, amma rigar ta tsaya mini cif a idon sawu, hannun ma bai rufe yatsuna ba. Ta nuna mini. An naɗe bakin rigar an ɗinke da hannu, zagaye guda, da wani irin ƙaramin ɗinki da sai ka ƙura ido za ka gan shi. An rage kafaɗa. An wanke ta da shuni, an buge ta har tana sheƙi.

"Tela bai yin wanga," in ji ta. "Wanga ɗunkin mace na, macen da ba ta son a gane ta yi. Kai ɗan hwari na ko?"

Na ce i. Ban san abin da ya kwance mini baki ba, sai na ji ina ba ta labarin komai, da Bappa, da kurmi, da fegin fadama, da ƙunshin da ke rataye a kusurwa yana ƙara ciki, da turmin da aka yi wa addu'ar hanya. Na ce mata Inna so take in tafi. Ta saki rigar, ta gyara lulluɓinta.

"Kai yaro na har yanzu. Ƙunshin can na Bappanka na, sa ta anka yi. Rigag ga ita at tata, ba wanda yas sa ta." Sannan ta ce, "Ni ma na yi ma nawa ƙunshi. Na daka mai yaji da hannuna. Shina jiran in ce kak ka tai, ni ko ina jiran shi gane. Yat tahi. Yanzu an ce shina da ɗiya, ban san kamassu ba."

Ba ta yi kuka ba, ni ne na sunkuyar da kai hawaye suna sauka a kan shunin Inna. Ta bar ni na gama. Sannan ta ce in share fuska, akwai sauran aiki. Ta ce ta lura ba na iya kallon tsohon nan, kuma mutumin da ba ya kallon mai yi masa magana ba a ba shi amanar ruwa. Ta koya mini dabara: in dubi bakin hularsa, daidai inda ta haɗu da goshi. Shi zai ga kamar ina kallonsa, ni kuma ban yi rashin kunya ba. Muka koma kan taya. Na dubi bakin hular tsohon, dillali yana zuga ni, na faɗi yadda ake jan fangalin ban ruwa, da yadda ake gane albasa ta ƙoshi da ruwa, da abin da ke faruwa in an yi mata yawa. Na yi magana mai tsawo da ban san ina da ita ba. Tsohon ya ce na yi surutu, amma ya yarda muryar ta fito.

Bayan la'asar ruwan ya ja baya. Aka ce maza su sauka su tura mota. Na fara tattare riga zan shiga, sai su uku suka hana ni da baki ɗaya. Aka ɗora ni can saman buhuna, ina zaune kamar ango, ga tsohon masinja ya naɗe wando yana cikin ruwa har gwiwa, ga dillali yana nishi yana zagin motar da wanda ya ƙera ta. Idan na rufe ido yau, hoton da nake gani ke nan. A tashar Goronyo kowa ya kama gabansa. Tsohon ya ɗaga mini yatsa ya ce in tuna, ba ni da masaniya. Dillali ya ce albarka, kada in manta. Goggo ta ɗora ƙwaryarta a ka, ta ce Allah shi ba da sa'a, ta shige cikin mutane. Ko a raina bai zo ba in tambayi sunayensu, don yaro ba ya tambayar babba sunansa.

Washegari da hantsi aka kira ni. Mutum uku ne a bayan tebur, na tsakiyar dattijo ne mai furfura da doguwar hula. Na bar takalmina a ƙofa, aka ce in koma in sa. Na zauna a bakin kujera. Sunana da na ubana suka fita lafiya lau, da ƙarfi ma, har na gefen dama ya ɗan ja baya. Sai na hagun ya tambaye ni ko na san wani abu game da ban ruwa. Tsoro ya rufe ni, komai ya gudu daga kaina sai fuskar tsohon masinja. Ni da na tashi da igiyar jigo a hannu, na buɗe baki na ce, "Ba ni da masaniya." Suka dubi juna. Ya tambaye ni ko na taɓa aiki a fadama. Na ce ba ni da masaniya. Na damar ya ja tsaki a hankali, ya ce to bari dai ya cika ƙa'ida, ya faɗa mini abin da ake biyan mai wannan aiki a wata.

Na ce, "Albarka." Na kuma yunƙura kamar zan tashi.

Sai na hagun ya fashe da dariya har ya kifa kai a tebur, na damar ya bi shi. Na tsaya rabi a zaune rabi a tsaye, ina jiran mai son kaya ya kira ni, na ga ba mai niyya. A nan na san na kashe kaina. Na ga kurmi a gabana, na ga ƙunshin Inna a kafaɗata. Dattijon tsakiya kaɗai ne bai yi dariya sosai ba. Ya bari suka lafa, ya ce in zauna.

"To, ɗana. Ba ka san ban ruwa ba, albashin kuma bai yi maka ba. Mi ya kawo ka?"

Ba wanda ya koya mini amsar wannan. Na ɗaga kai na nemi bakin hularsa na kafa ido.

"Ranka shi daɗe, in ban samu aikin ga ba, kurmi za a kai ni. Inna ba ta son in tai, kuma ba ta iya hwaɗi. Ni ɗan hwari na."

Ba wanda ya yi dariya. Dattijon ya daɗe yana dubana, ina jin ko shi ma ɗan fari ne, ko yana da nasa a gida. Ya ce wa ya koya mini albarka. Na ce wani dillali a bakin ruwa. Wa ya koya mini rashin masaniya? Na ce wani masinjan alƙali. Ya murmusa ya ce to yanzu in ajiye kotu da kasuwa, in gaya masa abin da ni na sani. Sai na zuba manya a sama. Na yi musu bayanin fangali da jigo, da yadda Baba yake raba ruwan rijiya da maƙwabcinmu ba tare da an taɓa jin kansu ba, duk abin da na faɗa a kan taya jiya ya dawo bakina a jere. Da yamma aka kira sunayen waɗanda aka ɗauka, nawa yana ciki.

Kada ku ɗauka abin ya zo a banza. Bappa ya cika alkawari, amma ya daɗe ba ya cin abincin gidanmu, yana cewa na zaɓi kujera na bar dangi, kuma daga gidansa ne maganar babban mutum ta fito, don bai taɓa yarda Nomau zai iya buɗe baki da kansa ba. Ɗansa Bello, wanda ya tafi a gurbina, ya yi arziki, shi ne mai gidan bulon nan da kuke sha'awa. Ni kuwa na ƙare da keke, da ciwon gwiwa, da manoman da suka yi ta zagina a bakin ƙofar ruwa don na hana su shiga layin wani. Ban taɓa ganin teku ba. Akwai shekarun da na yi ta tunanin ko na cuci kaina, ba zan ɓoye muku ba. Amma fegin Baba yana hannunmu, ƙannena a gabana suka girma, kuma da Inna ta kwanta ciwon ajali ba saƙo aka aika mini ba, ina bakin ƙofar ɗakinta.

Da na fara samun sarari na hau keke na je Maikujera neman Goggo, in yi mata godiya. Ba ni da suna, sai na ce ina neman wata dattijuwa da ɗanta na fari ya tafi kurmi bai dawo ba. Mutanen da ke zaune a bakin masallaci suka dubi juna, ɗaya ya ce, "Wane gida za mu hwara kai ka?" Na juya keke na dawo. Ina kewar mutanen nan uku fiye da wasu da na zauna da su shekara da shekaru, ina kuma kewar zamanin da ruwa zai tare hanya mutane su zauna su ɗauki matsalar yaron da ba su sani ba kamar tasu.

Amma bari in koma ranar da na dawo gida, don ita ce nake so ku riƙe. Na iso Magarya da la'asar sakaliya. Inna tana bakin murhu, Kulu tana wanke-wanke. Na durƙusa a inda na saba, na dubi Kulu na ce an ɗauke ni. Kulu ta yi guɗa, yara suka rufe ni. Inna ba ta waiwayo ba. Ta gyara itacen wuta, ta ce, "Madalla," ta tashi ta shiga ɗaki. Na ji zuciyata ta ɗan sosu, na ce ko dai Goggo ta yi kuskure.

Sai ga ta ta fito da ƙunshin nan na kusurwa. Ta ajiye shi a bakin murhu, ta kwance zanen, ta fara zubawa a tukunya. Guzurin da aka haɗa don ya kai mutum ƙarshen rani, ta yi ta ɗiba da hannu biyu, kuka da kuɓewa da daddawa da yaji, ba awo ba lissafi. Kulu ta ce, "Inna, ya yi yawa." Ba ta kula ta ba. Sauran da tukunya ta kasa ɗauka ta rarraba wa maƙwabta a faifai, ta kakkaɓe zanen, ta shanya shi a igiya.

Miyar ta yi kauri har muciya tana tsayawa a ciki, daddawa ta yi mata yawa, yajin kuwa ya sa ƙananan suna ci suna hawaye suna neman ruwa. Ba wanda ya iya gama nasa. Ni na cinye nawa, na suɗe kwanon. Inna tana can gefe ta juya mini baya kamar kullum, sai na ji ta ce wa Kulu:

"Ce ma wancan akwai saura a tukunya."